Kafin Ka Buɗe Makirufo: Yadda Ƙaramin Gidan Rediyo Zai Tari Jita-jita da Kalaman Ƙiyayya a Yankin da Ake Rikici

Duk wanda ya yi wayo a Najeriya kafin watan Agustan 2014 zai tuna daren wankan gishiri. Tsakar dare wayoyi suka dinga ƙara, wa ya kira ƙane, uwa ta kira 'yarta da ke aure a wani gari: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai rigakafin Ebola ne. Kafin a ankara an kwantar da mutane a asibiti, wasu ma sun rasa rayukansu. Babu wanda ya tashi ɗan'uwansa a daren nan da mugun nufi. Ƙauna ce da tsoro suka ɗauki ƙaryar suka kai ta gida-gida.

Wannan shi ne abu na farko da ma'aikacin rediyo zai riƙe. Yawancin masu yaɗa jita-jita mutanen kirki ne da tsoro ya kama. A garin da ake zaman ɗarɗar kuwa, saƙon da ke yawo ya wuce na gishiri. "Ga su nan zuwa" ne, ko "sun kashe mana mutum goma a hanyar kasuwa". Idan ka hau rediyo kana kiran masu yaɗa shi jahilai, ka zagi mahaifiyar mai sauraronka. Aikinka shi ne ka riga tsoron isa gida, ka kuma isa da abin da ka tabbatar. Ga yadda ake bi.

Mataki na ɗaya: tanadi tun ana zaman lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu littafi, na takarda, domin waya tana mutuwa, ana kuma sace ta. Kowane gari da muryar tasharku ke kaiwa, ka buɗe masa shafi, ka rubuta lambobin mutum uku zuwa biyar waɗanda ba tafiyarsu ɗaya ba: dagaci ko mai unguwa, arɗo, limami, fasto idan akwai coci, malamin asibiti, unguwarzoma, sarkin tasha, shugaban 'yan sa-kai. Kar ka raina mai shayi da ɗan acaɓa. Direban da ke bin hanyar kullum ya fi ɗan siyasar da ke zaune a birni sanin ko an tare ta. Mata kuwa, a wajen suna da biki da bakin rijiya suna jin abin da maza ba sa ji, amma da wuya ka ga lambar mace a littafin ɗan jarida. Gyara wannan.

Kar ka bari sai ranar tashin hankali za ka fara kiran waɗannan mutane. Ka riƙa gaishe su, ka tambayi farashin gero, ka yi musu jaje da barka. Ta haka za ka gane wanda ke ƙara gishiri a miya da wanda idan ya ce biyar, biyar ɗin ce.

Sannan ka dubi ma'aikatan gidan. A Burundi, a 1995, ƙungiyar Search for Common Ground ta kafa wani ɗakin shirya shirye-shiryen rediyo mai suna Studio Ijambo ana tsakiyar kashe-kashe tsakanin ƙabilun Hutu da Tutsi, dabararsu kuma ita ce haɗa 'yan jarida Hutu da Tutsi su yi aiki tare. Ɗaya yana shiga inda ɗayan ba zai iya ba, kuma kowa yana kama kalmar da za ta yi wa mutanensa zafi kafin ta fita. Tashar da ke yankin manoma da makiyaya amma babu mai jin Fulatanci ko ɗaya a cikinta, kunne guda take da shi. Studio Kalangou a Yamai tun 2016 yake shirya labarai da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, gidajen rediyon karkara suna ɗauka suna watsawa. Gidan rediyon Dandal Kura kuma ya shiga yankin Tafkin Chadi da Barbarci da Hausa a lokacin da mutane da yawa ba su da wata tasha mai yi musu magana da harshensu.

Abu na ƙarshe a tanadi: a rubuta ƙa'idar gida a takarda guda, a manna a bangon situdiyo. Wa ke da ikon cewa labarin hari ya fita? Wa za a kira idan ba ya nan? Ko da ku huɗu ne a tashar, a san wannan.

Mataki na biyu: littafin jita-jita

Littafi na biyu kenan. Duk maganar da ta shigo, ta waya ko ta zauren WhatsApp ko daga bakin mai gadi, a rubuta: me aka ce, yaushe aka fara ji, daga wane gari, wa ake zargi. A yankin Tana na ƙasar Kenya, bayan rikicin ƙabilun Pokomo da Orma na 2012 da 2013, an kafa wani shiri mai suna Una Hakika, ma'ana "ka tabbata?", inda mutane ke turo jita-jita ta saƙon tes, a bincika, a mayar musu da amsa. Tasharku za ta iya yin irinsa da waya guda da littafi guda.

Bayan 'yan watanni littafin zai fara koya maka abubuwa. Za ka ga wace magana ke dawowa duk lokacin girbi, wace ke tasowa idan zaɓe ya matso, wane gari ne ke yawan zama mafarinta.

Ba kowace jita-jita ake ɗauka a kai iska ba. Wadda mutum ashirin suka ji, idan ka ƙaryata ta a rediyo ka sanar da dubu ashirin. Ka tambayi kanka abu biyu: ta bazu? Idan aka yarda da ita, wani zai iya ɗaukar makami, ko ya gudu ya bar gidansa, ko ya hana ɗansa magani? Idan amsar duka biyun e ce, a ajiye komai a bi ta. Idan tana da haɗari amma ba ta bazu ba, a kira hakimi da jami'an tsaro a sanar da su, a yi shiru a rediyo tukuna.

Mataki na uku: bincike

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi yin sakaci.

A ce ranar kasuwa ce, ƙarfe goma na safe, saƙon murya ya shigo: wani yana haki yana cewa an kai hari wani ƙauye, an kashe mutane, a fito a kare kai. Tambayar farko ga duk wanda ka samu a waya ita ce: "Ka gani da idonka, ko faɗa maka aka yi?" Idan ya ce faɗa masa aka yi, "wa ya faɗa maka?" Ka bi zaren har ka kai ga wanda ya gani, ko zaren ya tsinke. Sau da yawa a mutum na uku yake tsinkewa: "Ai ni ma a waya na ji."

Majiya biyu ake nema, amma biyun da ba daga rijiya ɗaya suka sha ba. Mutum biyar da suka saurari saƙon murya guda, majiya ɗaya ce. Dagacin ƙauyen da malamin asibitin da ke kusa, waɗannan biyu ne. Asibiti yana da muhimmanci ƙwarai, domin rauni ba ya ɓuya: idan an ce an harbi mutum talatin amma babu wanda aka kawo ko'ina, akwai abin dubawa. Haka tashar mota. Motocin garin sun iso yau? Me direbobin suka gani?

Shi kansa saƙon muryar ka sake sauraronsa da kunnen mai bincike. Ya faɗi sunansa? Ya faɗi rana? Saƙon da ke cewa "yau da asuba" ba tare da kwanan wata ba zai iya yin shekara uku yana yawo, kullum yana sabo. Karin harshensa na yankin ne? Bakatsine ya san Hausar Sakkwato idan ya ji ta. Ka duba ko WhatsApp ya sa masa alamar kibiya biyu, wadda ke nuna an yi ta tura shi hannu zuwa hannu. Saƙon da ya ƙare da "ka tura wa duk Musulmi" ko "kar ka bari ya tsaya a wajenka", tun daga nan ka sa masa alamar tambaya. Yanzu kuma ana iya ƙirƙirar muryar mutum da kwamfuta, don haka ko muryar sananne ka ji, kira shi ka tambaya.

Hoto da bidiyo sun fi kowane abu saurin tunzura mutane, domin mun taso da cewa gani ya kori ji. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen yankin Gashish a Jihar Filato, hotuna masu tayar da hankali sun bazu a Facebook ana cewa daga wurin suke. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyon a Kwango Brazabil aka ɗauke shi tun 2012, wani hoton jariri kuma ya daɗe yana yawo kafin rikicin. An yi kisa a Gashish da gaske, wannan ba ƙarya ba ne. Amma tsofaffin hotuna sun ƙara rura wutar, aka tare hanya aka kashe matafiya da ba su ji ba ba su gani ba. Darasin da ke ciki mai nauyi ne: labari zai iya zama gaskiya, hoton da aka jingina masa ya zama ƙarya.

Yadda ake duba hoto ba wuya. Ka sa shi a Google Lens ko TinEye, za su nuna maka inda ya taɓa fitowa. Idan bidiyo ne, ka tsayar da shi a wurare uku ko huɗu, ka ɗauki hoton allon, ka bincika kowanne. In babu intanet mai ƙarfi, idonka ma kayan aiki ne: lambar mota ta wace ƙasa ce, kakin jami'an na ina ne, wane harshe ake ji a baya, ciyawa kore ce alhali muna tsakiyar rani? Ka leƙa kuma shafukan masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check da Alkalanci, wataƙila sun riga sun gama aikin.

Sai hukuma. Ka kira baturen 'yan sanda, ka kira shugaban ƙaramar hukuma, wajibi ne. Amma maganarsu majiya ce guda, ba hatimi ba. A Tudun Biri ta Jihar Kaduna, a daren 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi. Mutanen garin ne suka fara faɗa, daga baya rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa nata ne. Tashar da ta yi gaggawar kiran maganar mutanen gari jita-jita a ranar, da wane ido za ta sake kallonsu? Kalmar "labarin ƙarya" takobi ce mai kaifi biyu, masu mulki ma suna son ta idan gaskiya ta yi musu ɗaci.

Mataki na huɗu: abin da za ka faɗa

Wani lokaci bincike bai kammala ba, gari kuma ya riga ya ɗauka, ana rufe shaguna. Shiru a irin wannan lokaci shi ma magana ce, domin mutane za su ce "ai ko rediyo ta kasa faɗa". Ka fito ka faɗi inda aka tsaya:

"Jama'a, mun ji maganar da ke yawo game da hanyar gabas. Mun yi magana da sarkin tasha, ya ce motoci huɗu sun iso daga can tun safe lafiya. Mun kira asibiti, ba a kawo kowa ba. Dagacin garin ba mu same shi ba tukuna. Za mu dawo muku da ƙarfe goma sha biyu daidai."

Sha biyu ta yi, ka dawo, ko da babu sabon abu. Cika wannan ƙaramin alkawari shi ke sa a jira ka gobe maimakon a bi saƙon waya.

Idan ka tabbatar ƙarya ce, fara da gaskiyar, ka taɓa ƙaryar sau ɗaya a taƙaice, ka bayyana yadda kuka gano, ka sake rufewa da gaskiyar. Mai sauraron rediyo yana tuƙi ne, ko tana daka, rabin magana yake kamawa. Idan ka buɗe da "an ce an kashe mutum ashirin", wannan zai ɗauka ya fita da shi kafin ka kai ga "amma". Kar ka taɓa sa saƙon muryar na ƙarya a iska, ko da don ka ƙaryata shi ne. Hakin mai maganar da kukan da ke bayansa sun fi bayaninka shiga zuciya.

Idan kuma gaskiya ce an kai harin, ka faɗa. Ɓoye gawa ba ya kawo zaman lafiya. Amma ka auna kalmominka. Ka ce "'yan bindiga", kar ka laƙaba wa ƙabila ko addini laifin mutum goma. Adadi, ka faɗi wanda ka tabbatar da wanda ya ba ka shi. Kar a ji sunan mamaci a rediyo kafin iyalansa su sani. Ka bar siffanta yadda aka yi wa gawa. Kalmomi irin su "ramuwar gayya" da "kisan kiyashi" da "an gama da mu" suna da nauyi, kar su fito don daɗin baki. A maimaita sanarwar da kowane harshe na yankin, kuma ma'anar ta zama ɗaya. Na sha jin labari ya fita da sanyi a harshe guda, mai fassara ya ƙara masa barkono a ɗayan.

Mataki na biyar: layin waya da baƙin situdiyo

Shirin kiran waya kai tsaye shi ne farin jinin tasha, shi ne kuma ƙofar da wuta ta fi shigowa. Magana zarar bunu ce.

Duk ɗan rediyo ya kamata ya san labarin tashar rediyon RTLM ta Ruwanda. A 1993 ta fara, da kiɗa mai daɗi da barkwanci da hira irin ta majalisa, shi ya sa matasa suka so ta. A hankali ta saba wa kunnuwa da kiran Tutsi "inyenzi", wato kyankyasai. Da kisan ƙare-dangi ya tashi a Afrilun 1994, har sunayen mutane da maɓoyarsu ake karantawa. A 2003 kotun duniya da ke Arusha ta samu Ferdinand Nahimana da Jean-Bosco Barayagwiza, jagororin tashar, da laifi. Abin lura shi ne ba da "ku kashe" aka fara ba. Da raha aka fara. A Bentiu ta Sudan ta Kudu ma, a Afrilun 2014, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoton cewa an yi amfani da rediyon garin wajen tunzura mutane a kan wasu ƙabilu.

To yaya za ka bambance mai kuka da mai hura wuta? Mutumin da aka kashe wa ɗa, aka kore masa shanu ko aka cinye masa gona, yana da haƙƙin ya yi fushi a rediyo, ya zargi gwamnati, ya ce an yi sakaci. Idan ka toshe bakinsa zai koma inda babu mai tace magana. Inda za ka tsaya masa shi ne idan ya tashi daga "waɗanda suka yi mini" ya koma "dukkansu", ko ya kira mutane da sunan dabba ko cuta, ko ya ce a kore su, a daina sayar musu da abinci, ko ya fara faɗin unguwa da gidan da wani yake. Tsarin Rabat na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2012, ya ba da ma'auni shida na gane maganar da ta kai ga tunzura jama'a: halin da ake ciki, matsayin mai maganar, nufinsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, nisan da maganar za ta kai, da yiwuwar ta jawo ɓarna. A aikace ma'anarsa ita ce kalmar da za ta wuce a bakin yaro ranar Sallah za ta iya ƙona gari idan ta fito daga bakin babban malami ranar jana'iza.

A ranakun zafi kar kira ya shiga iska kai tsaye. Mutum ɗaya ya zauna a waje yana ɗauka, ya tambayi suna da gari da abin da za a faɗa. Idan tashar tana da na'urar jinkirta sauti ta daƙiƙa bakwai, a kunna. Idan babu, a koma karɓar saƙon murya da tes, a saurara, a zaɓa. Wanda ya zame ya fara ɓarin baki, a sauke muryarsa nan take, mai gabatarwa kuma kar ya wuce kamar bai ji ba: "Malam, mun ji zafin da kake ciki, Allah Ya ba da haƙuri. Amma a wannan gida ba ma ɗora wa al'umma guda laifin wasu." Kar ka yi masa tsawa, kar kuma ka yi 'yar dariyar nan ta jin kunya, domin masu sauraro za su ɗauka ka yarda.

Filin da aka saya ya fi wuya, tunda da kuɗinsa ake sayen man janareta. Sojojin baka na 'yan siyasa, mai wa'azi, mai maganin gargajiya, kowa yana ganin tunda ya biya sai abin da ya ga dama. Ƙa'ida ɗaya ce mafita: duk filin da aka saya a naɗe shi tukuna, edita ya saurara kafin ya fita, a kuma rubuta haka cikin yarjejeniya tun ranar karɓar kuɗi. Hukumar NBC, mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, tashar take kamawa, ba ta tambayar wa ya biya.

Mataki na shida: bakin da za a yarda da shi

Gaskiya ɗaya ce, amma wanda ya faɗe ta yana da tasiri. Idan jita-jitar ta shafi rugage, muryar arɗo ta fi taka. Idan ta shafi allurar rigakafi, a nemo malamin da ya kai nasa 'ya'yan. Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 saboda zargin da ya bazu, kuma ko bayan an dawo da shi a 2004, sai da sarakuna da malamai suka sa baki kafin iyaye da yawa su buɗe ƙofa. Limami zai tuna wa mutane ayar Suratul Hujurati da ta yi umarni a bincika labari kafin a cutar da wasu cikin rashin sani, fasto kuma yana da gargaɗin littafin Fitowa a kan baza labarin ƙarya.

A nemi labaran waɗanda suka tsallaka layi. A ranakun nan na Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Kusan kowane yanki yana da irinsa, ƙarami ko babba, sai dai ba a neman su. Wasan taubasai da na ƙabilu, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, shi ma kayan aiki ne. Amma a bar shi a bakin waɗanda suka gada, kuma ba ranar da aka binne mutane ba.

Mataki na bakwai: bayan an rufe makirufo

Za ku yi kuskure wata rana. Idan ya faru, a gyara a shirin da aka yi shi, a lokacin da aka yi shi, da harshen da aka yi shi: "Jiya mun ce mutum bakwai, mun yi kuskure, huɗu ne." Sannan a naɗi gyaran a matsayin gajeren saƙon murya, a sa sunan tasha da kwanan wata a farkonsa, a tura zaurukan da ƙaryar ta bi.

A adana rikodin duk abin da ya fita aƙalla wata uku, domin ranar da za a ce kun faɗi abin da ba ku faɗa ba. Majiyar da ke zaune kusa da daji kar a ambaci sunanta, kar a ce "wani malamin makaranta a ƙauye kaza" alhali malami ɗaya ne a ƙauyen. A sauya murya idan da hali, a goge lambarta daga wayar da ake yawo da ita. Wakili ba ya tafiya inda aka kai hari shi kaɗai, ba ya tafiya ba tare da wani ya san hanyar da ya bi da lokacin da zai dawo ba. Idan ɗan bindiga ya kira yana son a sa shi a iska, mai gabatarwa ba shi ke yanke hukunci ba, a miƙa wa shugaban tasha.

Wanda ya wuni yana kallon hotunan gawa don tantancewa kuwa, a ɗauke masa aikin gobe. Ranar Juma'a ko Asabar a zauna rabin sa'a a buɗe littafin jita-jita, a bi na makon ɗaya bayan ɗaya: wacce muka tara da wuri, wacce ta riga mu, wane gari ne muka nemi lamba muka rasa. Garin da aka rasa, a tura wani ranar kasuwarsa ya samo lambobi uku.